Kundin bibiyar tsuntsuwa kamaroftera: daga hunturu zuwa kaka

11 ga Janairu

An buɗe wannan kundi ne saboda wata ƙaramar tsuntsuwa da ta ƙi zama a shafi ɗaya na littafin tantance tsuntsaye. Tsawonta bai wuce santimita 11 ba daga baki zuwa ƙarshen bindi, tana zama ƙasa-ƙasa cikin duhuwa, kuma da wuya ta bari a kalle ta fiye da daƙiƙa uku. A zagayen farko mutum uku suka gan ta, kowa ya rubuta mata suna dabam. Duk ukun launi suka bi, shi ya sa suka rabu.

Filin aikin tsiri ne na duhuwa a gefen ƙorama mai ƙafewa da rani, tsawo mita 800, faɗi mita 150, wato hekta 12. Sabara da geza da kalgo suka fi yawa, sai sarƙaƙiya da ta lulluɓe tsofaffin surai. An kafa tashoshi 8, mita 100 tsakanin kowace da ta gaba, an ɗaure ƙyalle mai lamba a kowace. Ana tsayawa minti 10 a tasha, daga fitowar rana zuwa awa uku bayanta. Bayan haka tsuntsaye sukan yi shiru, ƙidaya ta zama ɓata lokaci.

Dokar da aka kafa daga yau: ba a rubuta suna sai an rubuta abin da ido ya gani, kuma bisa wannan jeri: girma da siffar jiki, tsawon bindi da yadda ake riƙe shi, akwai gira ko babu, tsawon fiffike, launin ƙafa, kuka. Launin gashi shi ne na ƙarshe.

25 ga Janairu

Safiya huɗu aka yi ana zama a tasha ta 3, inda sarƙaƙiya ta buɗe ɗan fili a gindin suri. Zama ya fi bi. Idan aka bi ta sai ta nutse, idan aka zauna shiru minti goma sha biyar sai ta fito kiwo da kanta. Madubin hangen nesa mai 8x42 ya wadatar, amma dole ya zama mai iya daidaita gani a kusa, mita biyu ko ƙasa da haka, don yawanci a nan take ɓullowa.

Ga abin da aka tara. Jiki dunƙule, ƙafafu dogaye idan aka gwada da jikin, launinsu ja-ja mai haske kamar naman da aka wanke. Bindi gajere, kusan kullum a ɗage, wani lokaci har ya karkato bisa gadon baya, fukafukai kuma a ɗan sake ƙasa. Kai da baya ruwan toka da ya sirka da ruwan ƙasa, ciki fari-fari. Fiffike kore ne irin na ɗanyen ganye da ya fara dushewa, kuma ya sha bamban da bayan sarai. Ƙwayar ido ja-ja mai ruwan ƙasa. Gashin cinya ruwan ɗorawa mai ɗan duhu, kamar ta sa gajeren wando. Ba kullum ake ganinsa ba, sai ta miƙe za ta cafko wani abu a ƙarƙashin ganye. Babu gira mai fitowa fili.

Da wannan aka soke sunaye biyu daga cikin ukun. Firiniya, wato Prinia subflava, tana nan a filin da yawa, amma bindinta dogo ne siriri mai hawa-hawa, tana kaɗa shi gefe da gefe, tana da farar gira da baƙin layi daga baki zuwa ido, kuma ba ta da kore ko kaɗan a fiffike. Da rani ma bindin nata ya fi tsawo fiye da na damina, don haka a wannan wata bai kamata a ruɗe ba. Ita kuma ta fi son ciyawa da gefen duhuwa, ba cikinta ba. Ɗaya sunan shi ne Sylvietta brachyura, wadda kusan ba ta da bindi sam, kamar an tsige mata. Cikinta ruwan goro ne mai haske, tana da gira, kuma tana bin rassa tana leƙa ɓawon itace, sau da yawa sama da kan mutum.

Abin da ya rage shi ne Camaroptera brevicaudata, wadda a wannan kundi za a riƙa kira kamaroftera. Abin da ya sa aka yi gardama shi ne yawancin zane-zane suna nuna ta ruwan toka tsantsa, ita kuwa ta gabanmu ta fi kusa da ruwan ƙasa. Rigar rani ce. Jinsin da ke yankin daji mai ciyawa na Afirka ta Yamma yana da riga biyu a shekara, na kurmin kudu kuma, wanda ake kira tincta, yana zama da toka mai duhu shekara zagaye. Sai an ga tsuntsu ɗaya mai zoben shaida a ƙafa ya sauya riga za a rufe wannan magana a filin nan.

8 ga Fabrairu

Kuka. Wanda bai taɓa ji ba zai rantse ɗan akuya ne ya maƙale a nesa: "meee", siriri, ta hanci, ana maimaita shi da ɗan tazara. Kukan gargaɗi ne da na kiran juna, kuma shi ne hanya mafi sauri ta sanin tana wuri. A ƙidayar makon nan an ji ta sau da yawa fiye da yadda aka gan ta.

Naɗar farko da waya ba ta yi amfani ba, dalili biyu. Manhajar naɗar murya da ke zuwa da waya an gina ta ne don maganar mutum: tana rage abin da ta ɗauka hayaniya ce, tana kuma ɗaga sauti da kanta idan wuri ya yi tsit, sai kukan tsuntsu ya fito a yayyanke, iska kuma ta cika kunne. Na biyu, tana ajiyewa a matse, irin MP3, wanda ke zubar da wani ɓangare na siraran sautuka. An koma manhajar da ke ajiye WAV, tsarin da ba ya matse sauti, a kilohaz 48, aka kashe ɗagawar kai-tsaye, aka saita ƙarfi da hannu yadda kuka mafi ƙarfi ba zai taɓa jan layi ba. Makirfo kuma an sa masa rigar gashi saboda iskar hunturu. Matsawa kusa da taku biyar ya fi kowace na'ura mai tsada gyara naɗi.

A ƙarshen kowane naɗi mai riƙe da na'ura yana faɗin kwanan wata, lokaci, lambar tasha, da ko an ga tsuntsun da ido. Naɗin da ba a ga mai kukan ba ana ajiye shi dabam. An buɗe su a manhajar Audacity aka mayar hoton sauti, aka gwada da waɗanda ke xeno-canto, rumbun kukan tsuntsaye na intanet. Sun dace.

1 ga Maris

Ranar farko ta kama tsuntsaye da raga don sa musu zobe. Wannan aiki ne na wanda aka horar kuma yake da izinin hukuma. Tsuntsu mai nauyin giram 10 ba ya jure hannun ɗan koyo. An kafa raga uku masu mita 12, ido milimita 16, a hanyoyin da aka share cikin duhuwa tun kwana biyu kafin nan. An buɗe da asuba, ana zagayawa kowane minti 20. An ɗaga aljihun ƙasa na ragar taƙi biyu daga ƙasa, don kamaroftera ƙasa-ƙasa take tashi, kuma tsuntsun da ya rataya yana taɓa ƙasa cinnaka na iya gamawa da shi kafin a dawo.

An kama biyar. Ana riƙe tsuntsu bayansa a tafin hannu, wuyansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ba a matse ƙirji. Kowace ta samu zoben ƙarfe mai lamba, faɗin cikinsa milimita 2.3, bayan an gwada kaurin ƙafa an tabbatar zai juya ya kuma yi sama da ƙasa ba tare da ya zame kan yatsu ba. Sai zoben roba masu launi, kada su wuce biyu a ƙafa ɗaya har da na ƙarfen. Ana karanta su daga ƙafar hagu, sama zuwa ƙasa, sannan dama. An guji haɗa shuɗi mai duhu da baƙi, ko ja da ruwan goro, don a inuwar duhuwa ba a bambance su, rana kuma tana kashe ja cikin 'yan watanni. Awon nauyi a cikin jakar auduga ake yi, a cire nauyin jakar. Jakar da ta jiƙe da raɓa tana ƙara nauyi, don haka ana sake auna ta bayan kowane tsuntsu.

Sa'a ta kawo baƙo a raga ɗaya: Phylloscopus trochilus, ɗan ci-ranin da ke zuwa daga Turai da arewacin Asiya. Riƙe su biyu gefe da gefe ya fi karatun wata guda. Nauyinsu kusan ɗaya, amma fiffiken baƙon dogo ne mai tsini, tsakanin milimita 60 da 70, manyan gashinsa sun zarce na bisansu da nisa, fiffiken mai keta Sahara. Na kamaroftera gajere ne, dunƙule, ya ɗan rufa jiki kamar ƙoƙo, fiffiken wadda tafiyarta ba ta wuce daga wannan kurmi zuwa wancan. Sunan zuriyar ma, Camaroptera, daga nan ya fito: masani Sundevall ya raɗa shi a 1850 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin rufi mai lanƙwasa da kuma fiffike.

Ɗan ratse kan suna, don yana rikita masu cika takarda. Masani Cretzschmar ne ya bayyana kamaroftera a 1830 daga samfurin da aka samo a Kurdufan ta Sudan, brevicaudata kuma na nufin mai gajeren bindi da Latin. 'Yar'uwarta mai koren baya ta kudanci da gabashin Afirka sunanta brachyura, shi ma mai gajeren bindi ne, da Girkanci. Wasu hukumomin jera sunayen tsuntsaye suna ɗaukar su jinsi biyu, wasu suna haɗe su a ƙarƙashin brachyura. Ga kuma Sylvietta brachyura a filin nan, wadda ba danginta ba ce na kusa. Saboda haka an hana taƙaita suna a takardun aiki. A rubuta shi cikakke, kalma biyu, kowane lokaci.

29 ga Maris

Zafi ya shigo. Ana naɗe raga da ƙarfe takwas da rabi. Tsuntsu ya fara buɗe baki yana haki a jaka, an sake shi ba a auna ba. An ƙara zobe ga uku. Sabara ta kaɗe, tsuntsayen duk sun tattaru a sarƙaƙiyar surai da bakin ƙorama inda sauran inuwa take.

10 ga Mayu

An yi ruwa biyu masu kyau, geza ta tofo. Tsuntsun da ke da zobe fari bisa kore a ƙafar hagu, wanda aka ɗauki hotonsa a hannu ran 1 ga Maris yana ruwan ƙasa da farin ciki, yau yana tasha ta 3 da kai da baya ruwan toka sosai, maƙogwaro da ƙirji ma toka, fari ya rage a tsakiyar ciki kaɗai. Fiffike yana nan kore, wandon ɗorawa yana nan, bindi a ɗage. Tsuntsu ɗaya, riga biyu. An rufe wannan magana.

Shi ne kuma ya fara waƙa, abin da ya nuna namiji ne, don a ido ba a bambance mace da namiji. Waƙar ba ta da alaƙa da kukan ɗan akuya: "cwak, cwak, cwak" ce mai ƙarfi, kamar ana buga tsakuwa biyu ko ana kaɗa tsumagiya, sau biyar, sau goma, wani lokaci fiye. Tana fitowa da ƙarfin da bai dace da girman jikinsa ba, shi ya sa sabbin masu ƙidaya ke neman babban tsuntsu a sama. Yana hawa reshe da ya ɗan fita daga duhuwa ya yi ta. Idan mace na kusa sai ya riƙa tsalle sama da ƙasa a kan reshen kamar an ɗaure shi da roba, ana jin wata ƙara "ƙas-ƙas" tare da tsallen.

Daga yau an bar ƙidayar tasha an koma zanen iyakokin gidan kowane namiji. Kowane mai zagaye na riƙe da taswirar filin, yana sa alama inda ya ji namiji. Alama mafi daraja ita ce ta maza biyu suna waƙa a lokaci guda, a haɗa su da layi mai ɗigo-ɗigo. Ita ce kaɗai ke tabbatar da cewa biyu ne, ba ɗaya ne ya tashi daga nan ya koma can ba. Ana bukatar zagaye takwas zuwa goma kafin alamomin su taru su nuna gidaje. Kunna naɗaɗɗen kuka don jawo namiji an taƙaita shi ga daƙiƙa 30, sau ɗaya a wuri, kuma an hana shi gaba ɗaya da zarar an fara sheƙa. Yana jawo tsuntsu ya bar iyakarsa ta gaskiya, sai taswira ta yi ƙarya.

14 ga Yuni

Sheƙa ta farko. Ba a neman ta da tona ganye, ba za a samu ba. Mace aka bi: an gan ta tana jan zaren gizo-gizo daga reshen magarya, ta tashi da shi, aka lura da inda ta nutse, aka ja baya mita 15 aka zauna. Sau uku ta shiga wuri ɗaya, sannan aka je aka duba bayan ta fita.

Tana cikin wani ɗan tofon gwandar daji, santimita 60 daga ƙasa. Ɗinki ne na gaske. Ganye uku masu faɗi, duk a jikin reshensu suna raye, an jawo su an haɗa bakunansu sun zama aljihu, na huɗu kuma an karkato shi bisa kamar rumfa. An kalli aikin ta madubi na tsawon safiya biyu. Tana tsayawa a cikin aljihun, ta soka tsinin baki a gefen ganye ta huda ƙaramin rami, ta tura dunƙulen zaren gizo ta cikinsa, ta jawo, ta kai shi ramin da ke ɗaya ganyen. Ba ta ƙulli irin na tela. Ƙarshen zaren ne take barbazawa ya zama ɗan tulluƙi a bayan ganye, ya fi ramin girma, sai ya kasa komawa. Daga waje waɗannan tulluƙai kamar fararen ɗigo suke a jere a bakin ganye, kuma su ne abin da ido zai nema. Ramukan da suka yi kusa da baki sosai sun yage, an ga guda huɗu haka, ta sake huda wasu can ciki. Bayan aljihu ya tsaya sai ta shimfiɗa siraran ciyawa a ciki, ta bi da audugar tsiro mai laushi, ta kuma ɗaure wannan ƙoƙon a jikin ganyen da wasu ɗinkin.

Hikimar ita ce ganyen bai mutu ba. Ramukan ƙanana ne, ba su yanke jijiyar tsakiya ba, don haka sheƙar tana nan kore shar kamar sauran itacen, kuma saman ganye, mai santsi, shi ke waje yana zubar da ruwan sama.

A yi hattara a nan: ɗinkakkiyar sheƙa ba shaidar kamaroftera ba ce ita kaɗai. Cisticola cantans da Cisticola erythrops su ma suna ɗinka ganye, haka ma sanannen tsuntsun tela na Asiya, Orthotomus sutorius. Duk dangi ɗaya ne, Cisticolidae, wanda aka ware daga babban rukunin da a da ake cusa duk irin waɗannan ƙananan tsuntsaye bayan binciken ƙwayoyin halitta na Sibley da Ahlquist da aka buga a 1990. Dole a ga mai sheƙar ta shiga. Firiniya kuwa saƙa take yi da siraran tsagin ciyawa, jaka mai ƙofa a gefe.

Ba a ɗaura alama a itacen sheƙa. An ɗaura ƙyalle mita 10 daga wurin, aka rubuta nisa da kusurwa a littafi. Mai dubawa yana wucewa ne ta gefen itacen ya ci gaba, kada ya zo ya tsaya ya juya, don sawun da ya ƙare a gindin sheƙa jagora ne ga tunku da ɓera.

22 ga Yuni

Ƙwai uku, ɗaya kowace safiya tun ran 20. Farare masu ɗan shuɗi-shuɗi da ɗigo ja-ja. Launin ƙwan wannan jinsi ba shi da tabbas, akan sami fari ko shuɗi, mai ɗigo ko fes, don haka ba a tantancewa da shi. Ana duba ciki da ƙaramin madubi a kan sanda, irin na likitan haƙori, ba a taɓa ganye. Dubawa sau ɗaya cikin kwana uku. Kwanci yana ɗaukar kwana 13 zuwa 15, ana sa ran ƙyanƙyashewa wajen 5 ko 6 ga Yuli.

An kuma duba ko akwai ƙwan da ya fita dabam. Chrysococcyx cupreus, tsuntsun nan mai kore mai ƙyalli da rawayan ciki da ke ajiye ƙwansa a sheƙar wasu, an san shi da kamaroftera, kuma ɗansa kan ture ƙwan masu gida waje. Duk ukun iri ɗaya ne.

1 ga Yuli

Sheƙa wayam. Ɗinki bai yage ba, shimfiɗar ciki ba ta hargitse ba, babu ɓaraguzan ɓawo a ciki. Ɓera kan bar ɓawo a tattaune, ragon maza ko tunku kan yaga sheƙar. A ƙasa, kamu ɗaya daga gindin itacen, an tsinci ɓawo a murƙushe, a nannaɗe tsawo-tsawo kamar ɗan guntun takarda da aka tauna aka tofar. Wannan aikin macijin nan ne mai shan ƙwai, na zuriyar Dasypeltis: yana haɗiye ƙwai ɗungurungum, ƙasusuwan bayansa da suka ɓullo ta cikin maƙoshi su fasa shi, ya shanye ruwan, ya amayo ɓawon. Ba shi da dafi. An rubuta asarar a tsakiyar dubawa biyun ƙarshe, kamar yadda ƙa'idar lissafin sheƙu ta tanada.

1 ga Agusta

Ma'auratan nan sun sake sheƙa mita 18 daga ta farko, wannan karo a tofon kalgo, ganye biyu kawai don faɗinsu ya isa. An samo ta ran 12 ga Yuli, ƙwai biyu ran 17 da 18, yau duka sun ƙyanƙyashe, kwana 14 daga ƙwai na ƙarshe. A ragar da aka kafa nesa da sheƙar an kama macen sau ɗaya a makon kwanci: cikinta tsirara, fatar ta yi taushi da jijiyoyi, alamar mai kwanci. An sake ta nan take ba a auna ba, aka kuma cire ragar daga wannan gefe.

Ƙarin da aka rubuta mako guda bayan haka: iyaye biyu ke ciyarwa. Daga maɓoya a mita 12 ana zaman awa ɗaya ana rubuta abin da ke bakinsu: korayen tsutsotsi marasa gashi suka fi yawa, sai gizo-gizo, ƙananan fara, da gina a safiyar da ta biyo bayan ruwa. Suna fitowa da farin ƙunshin kashin 'ya'yan su yar nesa. Ba sa shiga sheƙa kai tsaye, sai sun sauka ƙasa a nesa sun bi ta ƙarƙashin ganye. Idan suka fara "meee" ba ƙaƙƙautawa da abinci a baki, mai kallo ya yi kusa, ya ja baya.

An sa wa 'ya'yan zobe a kwana na 7. Kafin haka ƙafa ta yi ƙanƙanta, bayan kwana 9 ko 10 kuma taɓa su na sa su fashe daga sheƙa tun ba su iya tashi ba.

16 ga Agusta

Sun fita jiya, kwana 14. Ga riga ta uku, kuma ita ta fi ruɗarwa: bayansu kore-kore ne, maƙogwaro da ƙirji da ɗan ruwan ɗorawa, gefen baki rawaya, ido mai duhu ba ja ba. A takardar ƙidayar jiya an rubuta ɗayansu a matsayin Eremomela pusilla saboda rawayan. An gyara. Ita waccan kanta toka ne mai haske, cikinta rawaya, tana yawo ƙungiya-ƙungiya a saman itatuwa, ba ta ɗaga bindi. An kuma ambaci Camaroptera superciliaris, amma waccan ta kurmi ce, tana da gira rawaya da ba a ɓata ta. Abin da ya yanke hukunci shi ne zoben, da kuma babban tsuntsu ruwan toka da ya sauko ya ɗura masa tsutsa. Ko ba zobe, tsayuwar da ɗagaggen guntun bindin na iyayen ne.

6 ga Satumba

An fara haɗa lissafin sheƙu. Raba waɗanda suka yi nasara da jimillar waɗanda aka samu yana ba da adadin da ya fi gaskiya kyau, don sheƙar da aka cinye tun kwana biyun farko ba wanda ya gan ta balle ya ƙirga. Za a yi amfani da hanyar da Harold Mayfield ya fitar a 1961: a tara kwanakin da kowace sheƙa ta yi ana sa mata ido, a raba yawan asara da wannan jimilla, a cire daga ɗaya, abin da ya fito shi ne damar tsira ta kwana guda. Sai a ninka shi a kansa sau yawan kwanakin zama a sheƙa. Misali kawai: idan damar kwana ɗaya 0.95 ce, wadda a ido kamar ba laifi, cikin kwana 28 na kwanci da reno tana komawa kusan 0.24, wato sheƙa ɗaya cikin huɗu. Sheƙun kakar nan sun yi kaɗan a fitar da adadi. Za a haɗa da na damina mai zuwa.

Wata asara da ba ta mafarauta ba: awaki sun shiga gefen gabas sun cinye ganyen da aka fara ɗinkawa. An ba ta lamba dabam a takarda.

18 ga Oktoba

Waƙa ta ragu ƙwarai, "meee" kawai ake ji. Manyan da aka kama yau suna sauya gashin fiffike. Ana duba manyan gasun daga na ciki zuwa waje, don haka suke zubewa, a ba kowane maki: 0 tsoho, 1 ya zube ko yana cikin kube, 2 zuwa 4 gwargwadon tsirowa, 5 sabo cikakke. A duba fiffike biyu. Gashi ɗaya da ya ɓace a gefe ɗaya kawai haɗari ne, ba sauyi ba. Namijin tasha ta 3 ya fara ruwan ƙasa a ƙeya.

'Yan ci-rani sun dawo, an ga Phylloscopus trochilus biyu a farar ƙaya. Waɗanda aka ƙyanƙyashe bana cikinsu rawaya ne sosai, don haka za a sake zama da masu ƙidaya kan gira da tsawon fiffike kafin zagayen Nuwamba. Zoben roba ja uku sun koɗe sun koma fari-fari, za a canza su idan tsuntsayen suka faɗa raga. Ɗaya daga 'ya'yan sheƙar kalgo an gan shi a tasha ta 6, mita 300 daga inda aka ƙyanƙyashe shi, rawayan ƙirjinsa ya kusa ɓacewa. Za a ɗauki hotonsa kowane mako biyu, gefe ɗaya, cikin inuwa, da farar takarda a kusa don daidaita launi.